Tsargiya da Asalin Tsutsarta a Bakin Tafkin Kainji

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kogin Kwara ya kwanta ya zama tafki a ƙasar Ngaski da Yawuri. Kwantaccen ruwa mai ciyayi kuwa shi ne gidan ƙananan dodon koɗi, waɗanda tsutsar tsargiya ke girma a jikinsu kafin ta huda fatar masunci ko ta yaro mai wanka, har ya soma fitsarin jini.

A da masana sun ɗauka tsutsar mutum dabam, ta shanu dabam. Amma a 2009, da aka bincika sinadarin gado, watau DNA, na tsutsar da aka samu a jikin yara a ƙasar Sanagal, sai aka tarar waɗansu ruwa biyu ne. A 2019 kuma wani bincike a Jamhuriyar Nijar ya nuna kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na gadon tsutsar mutum daga ta shanu ya fito, kuma an yi wannan barbara tun fiye da zuriya ɗari ta tsutsar.

Lalle wannan abin lura ne ga ma'aikacin lafiya a Shanga ko Yawuri, inda garke da mutane ke tarayya a mashaya guda. Maganin Praziquantel yana kashe tsutsar, amma ba ya hana ta sake shiga jiki. Muddin babu rijiya da masai, yaron da ya warke bana zai koma ruwan baɗi.