Yadda Japanawa ke zana haruffan da ake buga littattafan labari da su

Mai zana haruffan boko na iya kammala aikinsa da alamomi 'yan ɗaruruwa. A Japan kuwa sai ya zana dubbai. Haruffan kanji da gwamnati ta ware don amfanin yau da kullum tun 2010 sun kai 2,136, kuma marubuta labari kan wuce wannan iyaka, musamman wajen sunayen mutane da na garuruwa.

Yawancin littattafan labari a ƙasar da salon Mincho ake buga su, wanda ya samo sunansa daga daular Ming ta China. Layukansa na tsaye masu kauri ne, na kwance sirara, da ɗan tudu a ƙarshensu, alamar inda burushin rubutu ya tsaya. Ana jera rubutun daga sama zuwa ƙasa, ana karanta layuka daga dama zuwa hagu.

Sai dai ba kanji ne ke ba shafi kamanninsa ba. Hiragana, wadda asalin haruffanta 46 ne kacal, ita ce ke cika fiye da rabin shafin labari, kuma daga rubutun hannu mai lanƙwasa ta fito. Nan aikin ke da wuya. Idan aka zana su manya har suka cika gurbinsu kamar kanji, shafin zai yi cunkoso, ido ya gaji kafin a gama babi. Idan suka yi ƙanƙanta da yawa, layin sai ya yi kamar an yayyanka shi. Dole kowane harafi ya ja idon mai karatu zuwa na ƙasa da shi.

Kamfanin Jiyukobo na Tokyo, inda Osamu Torinoumi ya yi suna, ya fitar da Yu Mincho a 2002 da nufin samar da haruffan da za su dace da labaran zamanin samurai. An rage girman hiragana kaɗan, aka bar musu laushin burushi. Torinoumi kan kwatanta haruffa masu kyau da ruwa ko iska, abin da ake amfana da shi ba tare da an lura ba.

Abin mamaki, haruffan da aka yi wa takarda sun koma allo. Tun 2013 Yu Mincho ke zuwa a cikin kwamfutocin Windows da Mac, inda ake rubuta takardun ofis da su.