Lissafin ciki a bakin kogin Haɗeja

Batun itace ne ya kai ni wani ƙauye a gabas da Haɗeja, ta ɓangaren Guri. Na ji an ce a can maigida kan fara tara itacen wankan jego tun ciki bai fito ba, kuma a kan rumfa yake jibge shi don gudun ruwa, tunda kwana arba'in mai jego za ta yi ana tafasa mata ruwa safe da yamma. Bayan gaisuwa a ƙofar mai unguwa, aka haɗa ni da wata tsohuwar ungozoma.

"Ɗan nan, mu da kogi muke lissafin ciki," in ji ta. "Wadda ta yi ɓatan wata da hunturu, haihuwarta sai ruwa ya cika. Ita ce ke hana ni barci."

Lissafinta ba gyara. Cikin da ya shiga a Disamba yakan cika wata tara a wajajen Satumba, daidai lokacin da kogin Haɗeja ke tumbatsa da ruwan sama da wanda ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano. Ga kachalla ta toshe magudanai da yawa, sai ruwa ya bi gonaki da hanyoyi. Inda babur ke bi da rani, sai kwale-kwale.

Ungozomar ba ta raina sana'arta, amma ta san iyakarta. Yanke cibiya, wanke jariri, lallashin 'yar fari mai kunyar yin nishi, duk nata ne. Abu uku ne ta ce sun fi ƙarfinta: jijjiga, zubar jini, da mabiyiya in ta ƙi faɗowa. Ga kuma doguwar naƙuda: ta tuna daminar 2022, da wata yarinya ta fara naƙuda bayan magariba, kan ɗan ya ƙi saukowa, mai jirgi kuma yana tsallake.

"Ina riƙe da ita har asuba. Ba abin da nake da shi sai addu'a da ruwan ɗumi. Da gari ya waye muka shimfiɗa ta a jirgi, mijinta na tura sanda yana hawaye. Allah Ya ja kwananta, amma ɗan bai zo da rai ba."

Irin wannan doguwar naƙuda ce ke barin mata da yoyon fitsari, lalurar da ke kai wasu har asibitin Jahun neman a yi musu aiki.

A ƙaramin asibitin da ke kusa, ma'aikaciyar lafiya ta ce masu zuwa awo sun ƙaru. Ana duba hawan jini, ana ba da maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓi, abin da ba wasa ba ne a ƙasar da sauro ke da gida a kowane kududdufi. Da kakanni take fama: wasu har yanzu suna matse dakashi su zubar, alhali shi ne garkuwar jariri ta farko, wasu kuma suna shafa toka a cibiya.

Shawararta ga masu tsohon ciki ita ce su koma gidan dangi a Haɗeja kafin hanya ta yanke. 'Yar fari da iyayenta ke gari tana samun wannan cikin sauƙi, da sunan goyon ciki. Wata mai 'ya'ya biyar kuwa, a ganina, tambayar da ta yi wa ma'aikaciyar tana kan hanya: "Anti, in na tafi wa zai dafa wa yara, ga babansu yana fadama yana ƙoƙarin ceto shinkafa?"