Gawo Da Tauraron Ɗan Adam Sun Haɗa Hannu Kan Iskar Kabon

Masana sun daɗe suna gargaɗin cewa iskar kabon, wadda ke fitowa daga ƙona man fetur da kwal da gas, ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya. Abin da ake saki a kowace shekara ya wuce tan biliyan 35. To, ina za a kai ta?

A ƙasar Aisilan, cikin 2021, wani kamfanin Suwizalan mai suna Climeworks ya buɗe wata na'ura da ke zuƙo kabon daga iska, a narka shi cikin ruwa, a tura ƙarƙashin ƙasa ya zama dutse. Abin al'ajabi ne, amma fa iyakar abin da aka tsara mata tan 4,000 ne a shekara, ga kuma tsada.

Manoman Maraɗi da Damagaram kuwa sun bi wata hanya dabam, ba kuma don kabon suka bi ta ba. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace bazara suna nan da ransu, saiwarsu na ƙasa. Sai aka shiga barin toho kaɗan a kowane kututture, ana yi masa aski har ya miƙe. Bayan yunwar 1984 dabarar ta bazu daga gona zuwa gona. Gawo ya fi samun gata, domin shi da damina yake kaɗe ganye, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya ba dabbobi abinci, ƙasa ta sami taki.

Shekara da shekaru duniya ba ta san girman aikin ba, sai da aka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan adam, aka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a hekta miliyan 5. A 2023 masana na Jami'ar Kofanhegan da hukumar NASA ta Amurka suka koya wa kwamfuta gane itace ɗaya ɗaya, ta ƙirga kusan biliyan 10 a busassun ƙasashen da ke gefen Sahara, ɗauke da kabon tan miliyan 840. Wannan adadi bai kai yadda waɗansu suka zata da farko ba, gara kuwa da aka sani, domin ba a cinikin abin da ba a auna ba.

Sai dai itacen da aka ƙirga yau ana iya mai da shi gawayi gobe, kabon ɗinsa ya koma sama. Muddin uwargida a Kano ko Katsina ba ta da gas mai araha ko murhu mai tsimin itace, gatari ba zai huta ba. Nijeriya ta yi alkawari a taron Gilasgo na 2021 cewa kafin 2060 abin da take saki ba zai wuce abin da take kawarwa ba, alhali har yanzu ana ƙona gas a banza a rijiyoyin man Neja Delta.