Banda ko ƙauri: harshe ne alƙalin hayaƙi

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa, yau zancenmu na hayaƙi ne. A gidajenmu idan tuwo ya yi ƙauri, maigida ture kwano yake yi. Amma wannan hayaƙin dai shi ne ke mai da ɗanyen kifi ya zama banda, har a biya shi da tsada.

Kwanan baya na shiga kasuwar Garhanga, cikin gundumar Keita, na tsaya wurin wata dattijuwa mai kifi banda. Na tambaye ta yadda ake gane na kirki. Ba ta ce mini komai ba sai da ta ɓantaro tarwaɗa biyu, ta ce: "Ɗana, shinshina tukuna, kada ka yi saurin kai wa baki."

Ta farko fatarta ja-ja ce mai sheƙi, kamar an shafa mata man gyaɗa. Da na kai hanci sai na ji ƙamshin murhun asuba. A baki gishiri-gishiri ya fara zuwa, sannan maiƙon kifin, hayaƙin kuwa sai can daga baya ya biyo a hankali, ya zauna a maƙogwaro ba tare da ya shaƙe ni ba. Ta biyu baƙa ce ƙirin, tana barin baƙi a yatsa. Tun ban tauna ba ɗaci ya riga kifin isowa, harshena ya yi kauri, har na sha ruwa warin bai bar ni ba. Inna ta ce ta farko an yi mata garwashin icce mai ƙarfi, wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa. Ta biyu gaggawa aka yi mata da ɗanyen icce da tarkace, don a riski kasuwa.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan magana shi ne, akwai inda hayaƙi ya zama dukiyar gari sukutum. A ƙasar Sikotland ta Birtaniya akwai wani tsibiri, Islay, inda ake yin barasar wiski. Mu dai addininmu ya haramta mana ita, ba kuma tallarta nake yi ba, dabarar kasuwancin nake so mu duba. Mutanen can suna yanko wata baƙar ƙasar fadama, wadda ciyayi suka ruɓe suka zama ita cikin dubban shekaru, su shanya ta kamar tubali, su ƙona ta su busar da tsiron sha'ir da hayaƙinta. Masu ɗanɗana ta kan ce suna jin warin kwalta da na maganin ciwo na asibiti, kuma wannan warin suke biya. Gidan Laphroaig tun 1815 yake wannan aiki, na Lagavulin tun 1816. Har awon hayaƙin suke yi: a 2017 an fitar da wata mai suna Octomore da aka rubuta wa awo 309 cikin miliyan, alhali yawancin masu hayaƙi ba su wuce 40 zuwa 55 ba. Doka kuma ta hana a kira ta da sunan ƙasar sai an yi ta can, ta shekara 3 aƙalla cikin gangar katako.

To mu fa? A jihar Tawa muna da kifin tafkin Tabalak da na madatsun ruwa, muna da matan da suka gaji banda kaka da kakanni. Albasar Galmi da kilishin Nijar suna da rajistar suna a hukumar OAPI da ke Yawunde. Kifi banda kuwa tsibi ɗaya ake yi masa, mai kyau da mai ƙauri kuɗinsu guda. Wadda ta kwana tana juya kifi ita ke asara.

Gaskiya icce ya yi tsada a Adar. Duk wanda ya san yadda aka sha wahalar dasa itatuwa tun da aka buɗe Furojen Keita a 1984 ba zai so a sare su a banza ba. Amma tsadar icce ba hujjar jefa leda, roba ko katako mai fenti cikin wuta ba ce. Likitoci sun tabbatar cewa baƙin hayaƙi da maiƙon da ke ɗiga cikin wuta suna barin sinadarai masu jawo ciwon daji a jikin kifi. Akwai mafita: murhun Chorkor da aka ƙirƙiro a Gana a 1969 ana jera masa faifan waya hawa-hawa, icce kaɗan ya gasa kifi mai yawa. Na FTT da hukumar FAO ta yi tare da ƴan Sanagal yana tare maiƙon kada ya faɗa wuta. Ƙungiyoyin mata da ƴan adashi, ga abin da za ku tambaya a ofishin magajin gari ko wurin ma'aikatan kamun kifi.

Kafin nan, ke mai sari, ɓara kifi ɗaya daga ƙasan kwali, ba na sama ba. Ki duba ko cikinsa ya bushe, ki goga fatar da yatsa, ki shinshina, ki tauna kaɗan ki jira. Ni dai ran nan tarwaɗar farko na saya, na kuma ƙara wa Inna dala ashirin a kan abin da ta faɗa.