Idan Mai Shan Maganin Tarin Fuka Ya Canza Hali

Maganin tarin fuka na wata 6 ne: wata 2 na farko magunguna 4 a haɗe, sauran wata 4 kuma guda 2. A nan Gana kyauta ake ba da shi. Yawancin mutane suna gama shi lafiya. Idan fitsari ya yi ja kada ku tsorata, aikin rifampicin ne.

Amma akwai kaɗan da maganin yakan taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ɗaya daga cikin huɗun nan, isoniazid, yana rage bitamin B6 a jiki, jijiyoyi kuwa ba sa aiki daidai sai da shi. Yawanci a ƙafa abin yake tsayawa, mutum ya ji kamar ana tsira masa allura. Jefi-jefi yakan kai ga ruɗewa. Wanda tarinsa ya ƙi jin maganin farko har aka sa masa cycloserine, shi ne ya fi bukatar a sa masa ido.

Mai ciwon ba kullum yake gane ya canza ba. Ku na gida ku ne za ku fara gani. Mai fara'a ya koma shiru, ba ci ba barci. Ya yi ta faɗa ba dalili, ko ya ce matarsa ta sa masa guba a tuwo. Wani ya yi ta sambatu, yana jin muryoyin da ba wanda yake ji. Wani ya faɗi yana shure-shure.

A nan ne ake cewa aljanu ne ko sammu, a ɗaure mutum a wurin mai magani, a watsar da ƙwayoyinsa. Sai tarin ya dawo da ƙarfi, ya kama yara a ɗaki. Ku yi masa addu'a, amma ku yi ta a kan hanyar asibiti.

Ku kawo shi ran nan, kafin ya sake shan wata ƙwaya, da katinsa da duk magungunan da yake sha. Daga Kasalgu zuwa Asibitin Koyarwa na Tamale ba nisa. Idan ya ce gara ya mutu, kada ku ɗauka wasa ne. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da igiya da wuƙa da maganin feshin gona.

Likita zai iya ƙara masa bitamin B6, ko ya rage maganin, ko ya canza wani. Yawanci hankali yakan dawo bayan haka. Burukutu da akpeteshi kuwa suna ƙara dagula abin, a bar su har a gama magani.