Masu motocin Tesla na neman a canza musu kwamfuta: sun biya kuɗin mota mai tuƙa kanta, har yanzu su ke tuƙi

A ƙasar Amurka da wasu ƙasashen Turai da Asiya akwai wata rigima da ta daɗe tana ci tsakanin kamfanin Tesla, mai ƙera motocin da ke aiki da lantarki, da mutanen da suka sayi motocinsa. Ba a kan batir ake rigimar ba, ba kuma a kan taya ko fenti ba. A kan wata 'yar kwamfuta ce da ke ɓoye a gaban motar, ta ɓangaren da fasinja ke zama, wadda girmanta bai wuce na littafi ba. Masu motocin suna cewa sun biya kuɗi tun da daɗewa don motarsu ta riƙa tuƙa kanta, ga shi yanzu shugaban kamfanin da bakinsa ya amsa cewa kwamfutar da ke ciki sai an canza ta. Don haka suke neman a cire tsohuwar a sa musu sabuwa, kuma kyauta.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan ɗan kasuwar Ƙonni ko Ɗan Isa da wannan? Da ruwansa. Motar da Ba'amurke ya gaji da ita yau, ita ce ake lodawa a jirgin ruwa gobe a sauke a Lome ko Kotonu ko Legas, kuma duk wanda ya yi harkar motocin hannu ya san cewa matsalar da aka baro can tana biyo mota har nan.

Yadda aka fara

A watan Oktoba na 2016 ne kamfanin Tesla ya yi shelar cewa duk motar da ke fitowa daga masana'antarsa daga wannan lokaci tana ɗauke da dukan kayan da ake bukata don ta tuƙa kanta ba tare da direba ba. Kayan su ne kyamarori takwas da ke kewaye da motar, da na'urorin jin kusancin abu, da kwamfutar da ke haɗa bayanan ta yanke shawara. Abin da ya rage kawai, a cewar kamfanin, shi ne a kammala manhajar da za ta sarrafa kayan, a turo ta ta intanet kamar yadda ake sabunta wayar salula. Shugaban kamfanin, Elon Musk, ya ce kafin ƙarshen 2017 mota za ta taso daga Los Angeles ta isa New York, tafiyar da ta haura kilomita 4,000, ba tare da an taɓa sitiyari ba. Shekarar ta zo ta wuce, ba a yi tafiyar ba.

Amma an ci gaba da karɓar kuɗi. Sunan hajar da Turanci Full Self-Driving, a taƙaice FSD, wato cikakken tuƙin kai. Daban take da Autopilot, wanda aikinsa riƙe mota a cikin layinta da kiyaye tazara tsakaninta da ta gaba. Da farko dalar Amurka 3,000 ake ƙarawa a kan 5,000 na babban Autopilot. (Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba.) Kuɗin ya yi ta hawa: 10,000 a ƙarshen 2020, 12,000 a farkon 2022, sannan 15,000 a watan Satumba na 2022, wanda a canjin lokacin ya kusa miliyan 10 na sefa. Kuɗin wata motar sukutum ke nan, a kan abin da ba a gama ƙerawa ba. A kasuwarmu cinikin biri a sama ake ce wa irin wannan. Daga baya farashin ya faɗo zuwa 12,000 a 2023, ya koma 8,000 a watan Afrilu na 2024, wanda ya saya da tsada kuwa ba a mayar masa da ko sisi ba.

Musanya ta farko

Ba wannan ne karo na farko da kwamfutar ta gaza ba. Wadda aka sa a 2016, ta kamfanin Nvidia ce, an ɗan ƙara mata ƙarfi a 2017, amma ba a jima ba aka gane ta yi kaɗan. A watan Afrilu na 2019 Tesla ya fito da tasa ta kansa, wadda ake kira HW3, wato kwamfuta ta uku. Kamfanin ya ce tana iya duba hotuna 2,300 a daƙiƙa ɗaya, alhali ta baya 110 take iyawa. A taron da aka gabatar da ita Musk ya ce zuwa 2020 za a samu motocin haya miliyan ɗaya marasa direba a kan titi, kuma a wannan lokacin ne ya riƙa cewa motar Tesla kadara ce mai ƙara daraja maimakon ta rage, tunda za ta fita neman kuɗi mai ita yana barci.

A wancan karon an yi adalci gwargwado. Wanda ya riga ya biya kuɗin FSD an canza masa kwamfuta kyauta, don an ƙera sabuwar yadda za ta zauna daidai a gurbin tsohuwar, wayoyinsu kusan ɗaya. Sai dai a 2021, da aka fito da tsarin biyan wata-wata a kan dala 199, aka ce masu tsohuwar kwamfuta da ke son shiga sai sun biya 1,500 na musanya. Mutane suka yi ca, suna tunatar da kamfanin maganar 2016 cewa motarsu na da komai. Aka rage zuwa 1,000. A ƙasar Sin ma an yi ƙaramar hayaniya a watan Maris na 2020, lokacin da wasu da suka sayi sababbin Model 3 suka gano tsohuwar kwamfuta aka sa musu alhali takarda ta ce ta uku ce. Kamfanin ya ɗora laifin a kan ƙarancin kaya saboda annobar korona, ya yi alkawarin canzawa kyauta.

Inda gizo ke saƙa

A 2023 aka fara sa kwamfuta ta huɗu, HW4, a sababbin motoci. Nan ne matsalar ta canza kama, domin wannan ba ta shiga gurbin ta uku. Siffarta daban, bakin wayoyinta daban, wutar da take ci ta fi yawa, sannan kyamarorin da take aiki da su ma daban ne: tsofaffin ba su wuce megafiksel 1.2 ba, sababbin sun kai 5. Mai sayar da waya a kasuwa ya san bambancin hoton da waɗannan biyun za su ɗauka. Ke nan ba cire akwati a mayar da akwati ba ne, aiki ne da zai iya taɓa kyamarori da wayoyin da ke bin jikin mota. Tun a watan Janairu na 2023 Musk ya faɗa wa masu hannun jari cewa irin wannan musanya tana da wuya da tsada, ba za ta biya ba, kuma ya nace cewa ta uku za ta wadatar.

Me ya sa ba ta wadatar ba? A da, injiniyoyi ne ke zama su rubuta wa motar dokoki ɗaya bayan ɗaya: in ka ga jar wuta ka tsaya, in ka ga mutum ka taka birki. Daga 2024, da manhaja ta 12, aka watsar da layukan umarni sama da 300,000 aka koma koya wa na'ura tuƙi ta hanyar nuna mata ɗimbin bidiyon yadda mutane ke tuƙi, tana kwaikwayo. Wannan hanya ta fi kyau, motar ta rage birkin gaggawa da kame-kame, amma tana da ci. Duk lokacin da aka ƙara wa na'urar ilimi sai ta ƙara nauyi, tana bukatar wurin ajiya da saurin lissafi. Kwamfuta ta huɗu tana da ninki biyu na ma'ajiyar aikin ta uku. Kamar a ce buhunan da aka tanadar wa tirela ne ake son a ɗora wa a-kori-kura: dole a rage kaya, ko a karya mota.

Haka kuwa aka yi. A ƙarshen 2024 manhaja ta 13 ta fito, masu kwamfuta ta huɗu kaɗai suka samu, masu ta uku aka bar su da wata da ake kira 12.6. A watan Oktoba na 2025 ta 14 ta fito, nan ma aka tsallake su, aka ce za a yi musu wata 'yar ƙarama mara nauyi. Da aka buɗe FSD a Ostareliya da New Zealand a 2025, da masu ta huɗu aka fara, alhali akwai waɗanda suka biya kuɗinsu shekaru da dama kafin nan. Wanda ya riga kowa biya shi ya koma ƙarshen layi, kuma ba mutum goma ko ɗari ake magana ba, motocin da ke ɗauke da kwamfuta ta uku miliyoyi ne, duk da cewa ba duka masu su suka sayi FSD ba.

A watan Oktoba na 2024 Musk ya fara sassautowa, ya ce mai yiwuwa ta uku ba za ta kai matakin amincin da za a bar mota ba mai lura da ita ba, in haka ta faru za a canza kyauta. Ranar 29 ga Janairu 2025 ya fito fili ya ce dole ne a canza wa duk wanda ya sayi FSD, aikin zai yi zafi da wahala amma za a yi, har ya ƙara da cewa ya ji daɗi da ba mutane da yawa suka saya ba. Bai sa rana ba. Kuma alkawarin na waɗanda suka biya kuɗi a dunƙule ne, masu biyan wata-wata, wanda aka rage zuwa dala 99 a 2024, kamar jika 60 ke nan, ba sa ciki.

Akwai wata hanya da kamfanin ya buɗe a 2023, ya riƙa rufewa yana sake buɗewa: ka sayi sabuwar Tesla a mayar maka da FSD ɗinka kanta ba ƙarin kuɗi. A ganina wannan ba biyan bashi ba ne. Wanda kake bi bashi ne ya ce zai biya ka, amma sai ka sake sayen wata hajar a shagonsa.

Wasu sun gaji da jira sun tafi kotu. A watan Agusta na 2025 wata alƙaliyar kotun tarayya a San Francisco, Rita Lin, ta amince masu motoci na jihar Kalifoniya su haɗa ƙararsu wuri ɗaya a kan cewa an yaudare su da maganar kayan tuƙin kai. A Ostareliya ma an shigar da ƙarar haɗaka a 2025. Hukumar kula da motoci ta Kalifoniya kuwa tun 2022 ta tuhumi kamfanin da tallar da ta wuce gaskiya. Shi kansa kamfanin a 2024 ya ƙara wa sunan hajar wata kalma mai nufin “a ƙarƙashin kulawa”, ma'ana direba ya zauna a kujerarsa, idonsa a kan hanya, in an yi haɗari shi doka za ta fara tambaya.

Abin da ya shafi mai sayen ta hannu

Yawancin motocin Amurka da ke zuwa yankinmu daga gwanjo suke fitowa, irin na Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Dillali zai iya nuna maka hoto ya ce wannan mai tuƙa kanta ce, ya ɗora miliyan biyu ko uku a kan kuɗinta. Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka sani cewa FSD ba ƙarfe ba ne da za ka taɓa, izini ne da kamfani ke kunnawa ko ya kashe daga nesa. Idan mai motar na farko biyan wata yake yi, ranar da ya daina biya abin ya tafi. Idan ya mayar da shi kan sabuwar motarsa, tsohuwar ta zama fanko. A farkon 2020 an yi wata badaƙala a Amurka, inda wani dila ya sayi Model S a gwanjo da FSD a kanta, ya sayar wa wani, sai kamfanin ya kashe abin ta intanet yana cewa ba a biya ba. Sai da jaridu suka yi ta yayatawa aka mayar. Motar da aka rubuta wa takardar haɗari kuma kamfanin yakan hana ta cajin sauri a tashoshinsa har sai an duba ta.

Ko da izinin yana nan daram, FSD ba a buɗe shi a ko'ina ba. Yana aiki a Amurka da Kanada da Meziko da wasu 'yan ƙasashe da hukumominsu suka yarda, Afirka ta Yamma ba ta ciki. Musanyar kwamfutar da ake jira ma a garejin kamfanin ake yin ta, shi kuwa ba shi da gareji a Nijar ko Najeriya, kuma ba aiki ba ne da bakaniken unguwa zai yi da sukundireba, don sai kamfani ya haɗa sabuwar kwamfutar da lambar motar. Abin da zai rage maka shi ne ƙaramin Autopilot, shi ma sai ya ga farin layi a kan kwalta yake riƙe hanya. Wanda ya san hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ranar kasuwa, da amalanke da 'yan kabu-kabu da awaki, ga ƙurar hunturu tana rufe gilashin kyamara, ya san iyakar amfanin da zai samu.

Wannan bai hana motar zama mota mai kyau ba ga wanda ke da wutar cajinta, a saye ta dai a kan kuɗin mota, a duba lafiyar batir, a bar maganar tuƙin kai a gefe. Sanin irin kwamfutar da ke ciki yana da amfani wajen ciniki, tunda mai ta uku ita ce aka bari a baya. Ana ganewa daga allon motar, a shafin manhaja, wurin ƙarin bayanin mota, inda aka rubuta sunan kwamfutar. In motar tana cikin kwantena ko batirinta ya mutu, a dubi kyamarorin gefe da ke bayan tayoyin gaba: na kwamfuta ta huɗu gilashinsu yana da ɗan ja-ja, na ta uku baƙi ne. Shekarar ƙira kaɗai ba ta isa shaida ba, domin a cikin 2023 an fitar da motoci masu ta uku da masu ta huɗu duka.