Ledar Gilashi Da Ranar Akra: Abin Da Take Tarewa Da Abin Da Ke Wucewa

Wani saƙon murya ya cika wayoyin 'yan kasuwa tun daga Kasuwar Malam Atta har Nima da Maamobi. Ya shiga zaurukan WhatsApp na masu atamfa, ya faɗa na 'yan adashi, yanzu ya kai ga masu shagunan magani. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, sai lambar waya da ya maimaita a ƙarshe. Cewa yake yi duk wanda ya manna baƙar leda a gilashin shagonsa, ko tagar ɗakinsa, ko motarsa, ya rabu da ɓarnar rana har abada: zane ba zai koɗe ba, ɓarawo ba zai iya fasa gilashin ba, na waje ba zai ga na ciki ba dare da rana, kuma ko magani ko madarar jarirai aka jera a bayan gilashin, babu abin da zai same su.

Talla ce aka lulluɓe da nasiha, kuma wanda ya shirya ta ya san inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi. Duk Hajiyar da ta taɓa warware turmin GTP ko Woodin a gaban mai saye, ta ga wani layi fari-fari ya ratsa daidai bakin ninkin da ke kallon titi, yana maimaita kansa har ƙarshen yadi 6, ta san wannan takaici. Zanen lafiyarsa ƙalau, amma dole a karya farashi. Haka labule yake yi, haka kujerun falo, haka kayan lefen da aka jera kusa da taga. Wanda ya sha irin wannan asara, aka ce masa ga mafita da kuɗi kaɗan, ba abin zargi ba ne in ya gaskata. Abin zargi shi ne wanda ya cusa maganar magani a cikin tallarsa don ya ƙara ciniki.

Gaskiyar da ke ciki

Saƙon ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Hasken rana kashi uku ne. Akwai wanda ido ke gani. Akwai wanda ido ba ya gani amma fata ke jin ɗuminsa, wato infrared. Sai na ukun, UV, wanda ba a gani kuma ba a ji. Bai wuce kashi 5 cikin 100 na ƙarfin ranar da ke isowa ƙasa ba, amma ya fi sauran iya karya sinadarin rini. Gilashin taga na yau da kullum yana tare galibin nau'insa mai ƙona fata, UVB, ya bar mafi yawan ɗaya nau'in, UVA, ya shige ɗaki. Leda ta gari, wadda aka cusa wa sinadarin shanye UV, tana tare kusan kashi 99 cikin 100. Wannan tabbatacce ne, kuma yana rage saurin koɗewa ƙwarai.

Sai dai sinadarin ba shi da launi, don haka duhun leda ba shi ne ma'aunin kariyarta daga UV ba. Wani bincike da mujallar likitocin ido ta JAMA Ophthalmology ta buga a Amurka a 2016 ya auna motoci 29. Gilashin gaba, wanda yake garau, ya tare matsakaicin kashi 96 cikin 100 na UVA, na gefe kuma kashi 71 kawai. Dalili shi ne gilashin gaba falle biyu ne da roba marar launi a tsakani.

Sauran alkawuran ba su buƙatar dogon bayani. Ledar rana siririya ce, ba ta hana ɓarawo. Akwai mai kauri ta musamman da ke riƙe tarwatsattsen gilashi, ita ma jinkirta shi kawai take yi. Ledar madubi tana rufe ɗaki da rana ne kaɗai, da an kunna fitila da dare na waje ne ke ganin na ciki, don haka matan gida kada su cire labule. A mota kuwa, dokar hanya ta Ghana ta 2012, L.I. 2180, ta taƙaita duhunta gilashin gaba, kuma 'yan sandan hanya na MTTD ba sa karɓar saƙon murya a matsayin hujja. Masu mayar da martani da cewa ledar tana hana jiki samun bitamin D su ma sun kauce, domin gilashin kansa ya riga ya tare hasken da fata ke yin bitamin ɗin da shi.

Inda cutarwar take

Maganar da ke da haɗari ita ce cewa bayan an manna leda, komai aka jera a gilashi ya tsira. Ledar kamar rariya take: ta riƙe abu ɗaya, ta bar sauran su zuba. Haske mai ganuwa yana shiga, zafi ma yana shiga, kuma dukansu suna ɓarna.

Masu sana'ar ledar da kansu suna da wani ƙiyasi da suke yawan faɗa: kimanin kashi 40 na koɗewa daga UV ne, 25 daga haske mai ganuwa, 25 daga zafi, sauran 10 daga danshi da irin rinin da makamantansu. Ƙiyasi ne na jagora, yana sauyawa daga kaya zuwa kaya, amma ko a bakin masu sayarwa fiye da rabin matsalar yana nan bayan an tare UV. Gidajen tarihi sun daɗe da sanin haka. Garry Thomson, masanin kimiyya na National Gallery a Landan, ya wallafa littafinsa kan muhallin gidajen tarihi a 1978, kuma ƙa'idar da aka san shi da ita ita ce kada hasken da ke sauka kan tufafi da zane-zanen takarda ya wuce luks 50 a ma'aunin ƙarfin haske, ko da an tace UV. Ranar tsaka tana kaiwa luks 100,000. Ko ledar shago ta tare kashi 4 cikin 5 na hasken, abin da ya rage ya ninka waccan ƙa'ida sau ɗaruruwa. Ɓarnar haske kuma taruwa take yi, ta yau ta hau kan ta jiya, ba ta warkewa cikin dare. Rini ma suna suka tara: masana'antu suna auna juriyarsa da ma'auni daga 1 zuwa 8, shi ya sa zane biyu za su zauna a gilashi ɗaya, ɗaya ya koɗe ɗaya yana nan daram.

Asarar atamfa ta aljihu ce. Ta magani ta shafi rai.

Kusan rabin ƙarfin rana infrared ne. Baƙar leda mai arha, wadda rini kawai aka yi mata, shanye zafin take yi, gilashin ya ɗau ɗumi, ya tura wani kaso ciki. Masu tsada, na siramik ko masu ɗan ƙarfe a jiki, sun fi korar zafi, amma babu wadda ke korar duka. Akwatin gilashi na baje kaya kuma rufaffe ne, iska ba ta ratsa shi. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun auna rufaffun motoci a rana, suka buga sakamakon a mujallar Pediatrics a 2005: cikin awa 1 zafin ciki ya ƙaru da kimanin digiri 22, kuma kashi 80 na ƙarin ya auku a rabin awar farko. Akwatin shago ba mota ba ne, amma hanyar da zafi ke taruwa a cikinsu ɗaya ce. A Akra, daga Fabrairu zuwa Afrilu, zafin rana a inuwa ma yakan kai digiri 32 zuwa 33.

A ɗauki kwalin magani a duba gefensa. Galibi an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, wasu ƙasa da 25. Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro da kowane gida ya sani, bai kamata ya wuce 30 ba. Insulin da ba a buɗe ba wurinsa firiji ne, tsakanin digiri 2 da 8. Nifedipine na hawan jini yana lalacewa har da haske mai ganuwa, haka bitamin B2. Saboda irin wannan ne ake zuba wasu magunguna a kwalba mai launin ƙasa-ƙasa, ko a rufe ƙwayoyin da fallen alminiyam. Ghana tana cikin yankin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware a matsayin mai zafi da danshi sosai, inda ake gwada juriyar magani a digiri 30 da danshi kashi 75. Ranar ƙarewar aiki da aka buga a kwali an tsayar da ita ne bisa sharaɗin ajiyar da ke jikinsa, wanda Hukumar FDA ta Ghana ta amince da shi lokacin rajista. In an karya sharaɗin, ranar ba ta da tabbas.

Ba kowane magani ne ke lalacewa a yini ɗaya ba, wasu suna da juriya. Matsalar ita ce mai shago ba zai iya ganewa da ido ba. Atamfa tana tona kanta da farin layi, ƙwayar magani kuwa tana iya rage ƙarfi kamanninta bai sauya ba. Uwa ta saya, ta ba ɗanta yadda aka ce, zazzaɓi ya ƙi sauka, a ɓata kwanaki kafin a nufi asibiti. Dattijo ya sha na hawan jini yana zaton ya yi abin da ya kamata. Duk kwalin da rubutunsa ya dusashe a gilashi shaida ce cewa ya sha rana, kuma bai cancanci a miƙa shi ga mara lafiya ba. Madarar jarirai ma an rubuta mata wuri mai sanyi marar danshi. Man girki yana saurin yin ƙauri da haske da zafi, turare da man shafawa suna sauya ƙamshi da launi.

Abin da ke aiki

Akra tana kusa da layin tsakiyar duniya, kimanin digiri 5 da rabi arewa da shi, don haka da tsakar rana hasken kan rufi yake sauka. Tagogin da ke shan wuya su ne masu kallon gabas da hantsi, da masu kallon yamma daga bayan azahar zuwa gab da magariba. A nan kuɗin leda ya fi biyan buƙata. Amma rumfa ko tamfol a waje, wanda ke tare rana tun kafin ta taɓa gilashi, yakan fi leda rage zafi. Gidajen Zongo da dama tagogin luba gare su, masu fallayen gilashi jere-jere, kuma da zarar an buɗe su don shan iska rana ta tsallake ledar. A irinsu labule mai shafi ya fi amfani.

Mai atamfa ta sa ƙyallen samfuri a gaba, turamen su zauna ciki, ta riƙa juya ninki da sauya waɗanda ke fuskar titi. Mai shakka ya yanka ƙyalle ɗaya gida uku, ɗaya a bayan leda, ɗaya a bayan gilashi zalla, ɗaya a aljihun tebur, ya gwada su bayan wasu makonni.

In mai mannawa ya zo, tambayar ita ce: "Malam, ina takardar ledar?" Ta gari tana zuwa da lambobi uku: yawan UV da take tarewa, yawan hasken da take bari ya wuce, da yawan zafin da take korewa. Wanda ba shi da amsa sai "wannan ta fi baƙi", a bar masa kayarsa. Mai arha ana gane ta daga baya, ta rikiɗe shuɗi-ja, ta yi ƙuraje, ta fara ɓarewa daga kusurwa. A tambaye shi kuma ko gilashin zai ɗauka, domin leda mai duhu sosai a kan gilashi na yau da kullum tana iya sa tsakiyarsa ya yi zafi gefensa na sanyi, tsaga ta taso daga baki.

Masu shagon magani, waɗanda ke aiki da lasisin Pharmacy Council, su ne ya fi kamata wannan gyara ya isa gare su, kuma duk wanda ya tura musu wancan saƙo yana da nauyin tura musu wannan. Gilashin gaba na kwalayen da babu komai ciki ne, magani kuma a kanta ta ciki, nesa da taga da bangon da rana ke duka. A sayi ƙaramin ma'aunin zafi a ajiye inda kayan suke, a duba shi lokacin la'asar. In ya haura 30, a kwashe kayan a ranar, ko da leda ko babu.